Farashin Kurmin Su Chengappa

Tun zamanin kakanni, gidan su Chengappa ke tsaron kurmin bauta na ƙauyen, can saman gonakin kofi. Ko busasshen kirare ba a ɗauka a ciki. Daga gindinsa ne idon ruwan da gari ke sha yake ɓuɓɓugowa.

Da damina ta ɗauke sai ga wata jami'a, Shailaja, da ma'auni da takardu. Ta ce an aiko ta ta ƙiyasta amfanin kurmin da kuɗi, don hukuma ta san darajarsa. Chengappa, wanda dama bakinsa ba ya da linzami in ana zancen kurmin nan, ya ji kamar an sosa masa inda ke ƙaiƙayi. Kwana uku yana zagayawa da ita. Ya nuna mata ruwan, da ƙudan zuman da ke yi wa furen kofi barbara, da saiwar da ke riƙe tudu kada ya zaftaro kan gidaje. In ta faɗi adadi sai ya ce ta yi rowa, ta ƙara.

Matarsa Bollamma ba ta so abin ba. Tana gasa masa gurasar shinkafa ta ce, "Kai da bakinka! Saniyar da ba a taya ba ita ke kwana a gida."

Ya yi dariya, ya ce mace ba ta san aikin hukuma ba. Har takardar ya sa wa hannu, yana alfahari da yawan sifilin.

Wata biyar shiru. Rannan da safe ya tarar da jan fenti a jikin manyan itatuwan kurmin, a jere, tun daga bakin ruwa har ƙoli. Wasu mutum uku na zaune a kan saiwa suna shan taba. Babbansu ya miƙe da ladabi, ya ce kamfaninsu zai ja wayar lantarki ta nan. Shekara shida suna neman izini, an hana su, don ba wanda ya san diyyar da za a biya. Yanzu an sani, sun kuma biya, ko kwabo ba su rage ba.

"Kurmin nan ba na sayarwa ba ne," in ji Chengappa.

"Ai mun gode maka, Baba, kai ka sauƙaƙa mana." Mutumin ya take guntun tabarsa. "Tunda ka fi kowa sanin wurin, ta ina motar yankan itatuwa za ta fi saurin shiga?"