Randar Inna Anatu a Lewisham

Da Inna Anatu za ta zo Landan jinya, abin da ta fara cewa a ɗaure mata ba kayan sawa ba ne, randarta ce. 'Yar madaidaiciya ce ja, ginin wata tsohuwa a Bichi. Ɗanta Almu, da ya je ɗauko ta, ya naɗe randar da bargo da tsofaffin zannuwa, yana ta addu'a, Allah kuwa ya kawo ta lafiya.

Likita ya ce ƙodar Inna ruwa take so, ta yi ta sha. To Inna ba ta shan na famfo, wai warin asibiti yake. Na gora kuma wai roba take ji a harshe. Sai an zuba a randa, an turara ta, ruwan ya kwana, sannan za ta sha har ta yi hamdala.

Gidan Almu a unguwar Lewisham yake, a hawa na uku na wani bene, ɗumin ɗaki kuma ba ya barin randa ta yi sanyi. Sai ya yi abin da kowa zai yi a gida, ya kai ta baranda inda iska ke kaɗawa, ya kifa mata faifai.

'Yarsa Sadiatu, wadda aka haifa a nan, tana karatun ruwan sha a jami'a can Bloomsbury. Ita ta ce, "Baba, Disamba fa muke. A shigo da ita."

"Wane Disamba? Ko rigar sanyi ban sa ba yau. Dubi furanni sun fito a bakin titi."

Gaskiyarsa, bana hunturun bai zo da wuri ba. Amma rana ɗaya ya sauko ba sallama. Almu ya dawo daga tuƙa bas ɗinsa ya tarar ruwan randa ya zama dutse, moɗa ta maƙale a ciki. Ya shafa ta ta ko'ina, ba ɗigo, ya ce alhamdu lillahi, ya bar ta ta narke da kanta. Inna ta lallaɓa da ɗan abin da ya rage a jug.

Bayan kwana kaɗan aka tashi da ruwan sama mai ɗumi. Da hantsi Almu ya leƙa baranda, sai ga randa ta dare gida biyu, ruwa na bin bango. A safiyar ne kuma bututun unguwa ya fashe, titi ya zama rafi, famfo ya ƙafe, aka fara raba ruwan gora a bakin kasuwa.

Almu ya tsuguna yana riƙe da ɓarin randa kamar mai riƙon jariri. Sadiatu ta tsuguna kusa da shi.

"Tun ranar da ta daskare ta tsage, Baba. Ƙanƙarar ce ta toshe tsagar. Haka bututun nan ma. Garuruwan da nake karatu a kansu, can ƙarshen arewacin duniya, tafkin da suke sha a kan daskararriyar ƙasa yake zaune. Yanzu ƙasar na narkewa, ruwan na zurarewa, laka na shiga."

"Wato su ƙasar ce randarsu."

"Kusan haka."

"Allah sarki. To su wa zai ɗinke musu?" Ya dubi ƙofar ɗakin Inna. "Kada ki gaya wa Inna tukuna."

Har azahar Inna ba ta sa ruwa a baki ba. Almu ya kawo mata na gora a kofi, ta shinshina ta ture. Leɓenta ya bushe, abin da likita ya hana ke nan. Almu ya zura takalmi ya fita, can sai ga shi da tukunyar ƙasa ja daga shagon masu sayar da shuke-shuke, yana murmushi. Ya tuttula mata gora guda. Ruwa ya bi ta ƙasa ya jiƙa masa safa.

Sadiatu ta yi dariya har da riƙe ciki. "Baba! Ta furanni ce, da huda a gindinta!"

"To ai ban juya ta ba."

Daga ɗaki Inna ta ɗaga murya. "Almu, in kun gama ɓoye-ɓoyen, ku kawo min gawar in gani. Tun safe na ji ƙararta."

Ya kai mata ɓari biyun, kansa a ƙasa. "Inna, ki yafe ni. Ni na bar ta a waje."

Ta shafa su a hankali. "Ta hau jirgi, ta ga Ingila. Wace randa ce a Bichi ta yi haka? Tashi, kai da furfura kana min fuskar maraya."

"Amma ruwa fa, Inna?"

"Na roba? A kai kasuwa."

Sadiatu ta miƙa hannu. "Kaka, ara min ɗaya."

"Me za ki yi da shi, Baturiya?"

Sadiatu ta karɓi ɓari ɗaya. Ta shiga kicin ta ɓalli tsingaro, ta wanke, ta tafasa shi sosai. Da ya huce ta riƙe shi a kan hayaƙin turaren Inna, ta jefa cikin jug ɗin gilashi, ta cika da ruwan gora, ta ajiye a bakin taga. Almu yana tsaye a ƙofa, bai iya zama ba.

Bayan la'asar ta zuba a kofi ta kai. Inna ta shinshina, ta daɗe, sannan ta kurɓa. Ta juya shi a baki.

"Ba shi ba ne," in ji ta.

Almu ya sunkuyar da kai.

"Amma ɗan'uwansa ne." Ta shanye, ta miƙa wa jikarta kofin. "Ƙaro, Baturiya. Kai kuma je ka cire safar nan kafin mura ta kama ka."