Baƙon Ƙofar Baya

"Sai wa kuma, Gwaggo?" in ji nas ɗin, tana tsaye taku uku daga bakin ƙofa, hanci da baki a rufe.

Gwaggo Rediyo ta gyara zama a kan tabarma, ta lanƙwasa yatsa. "Mai wanki ya shiga ranar Lahadi, ya fito da zanin gado biyu. Sai mai gyaran famfo, shi bai wuce tsakar gida ba, amma ya sha ruwa a kofinsu, na ji ƙarar ajiyewa. Sai matar tela, wadda ta zo gaisuwa hannu rabbana ta koma da aron rariya."

"Gwaggo, mutanen kawai nake so."

"'Yar nan, ai mutum ba ya tafiya sai da labarinsa."

Kwana biyar ke nan da motar asibiti ta ɗauke maƙwabcinta Mai Agogo. Wani sabon zazzaɓi ne ya kwantar da shi, wanda ko suna likitoci ba su gama raɗa masa ba. An ce daga dabba ya tsallako, kuma in aka yi sake zai zaga duniya. Allurar rigakafinsa ba ta da yawa, 'yan kwalabe ne a akwatin sanyi, don haka sai wanda ya taɓa mara lafiya ake yi wa. Matar Mai Agogo ta yi ta tunani, ta tuno mutum shida. Gwaggo, wadda tagarta ke kallon ƙofarsu shekara talatin, ta kawo goma sha bakwai ba ta ko yi tari ba.

"Wai ita allurar, me take yi a jiki?" Gwaggo ta tambaya, tana leƙen akwatin.

"Kamannin cutar take nuna wa jini. Ranar da ta zo, sai ya gane ta tun daga nesa."

"Au! Ashe jini ma gulma ake kai masa. To ni aka raina wa sana'a?"

Nas ta yi dariya har takunkuminta ya motsa. Ta ce dole a yi wa mutum kafin kwana goma da taɓawar, in ya wuce an makara. Kuma tunda mutane sun fara ƙaryar sun shiga gidan don a yi musu, duk sunan da aka kawo sai matar gidan ta amince.

"Shi ke nan? Babu saura?"

Gwaggo ta dubi farcenta. "Babu," ta ce, kalmar ta fito kamar an zare ƙaya.

Akwai saura. Ana gobe za a ɗauke shi, ta hau turmi za ta shanya zani a katanga, sai ta hango ta tagar ɗakin Mai Agogo wani dogon tsoho ya tallafo kansa, yana ba shi abinci da cokali. Saura kaɗan ta faɗo. Yayansa ne, Direba, mutumin da ya ce a gaban jama'a ranar auren Mai Agogo amarya ba ta kai ƙaninsa ba. Tun ranar amaryar ta rantse duk sa'ad da ya taka gidanta ita za ta bar shi. Unguwa kaf ta san 'yan'uwan ba sa ga maciji.

Bayan baƙon ya fita ta ƙofar baya, Mai Agogo ya kira ta da muryar da ta dishe. "Gwaggo, na ga ɗankwalinki. Duk Talata yake zuwa in matata ta tafi kasuwa, shekara goma sha ɗaya ke nan. Don Allah ki riƙe mini."

Ba amanar ce ta fi ƙona mata rai ba. Shekara goma sha ɗaya, a ƙarƙashin hancinta! Wane irin tsufa ne wannan?

Washegarin zuwan nas ta ɗauki sandarta ta nufi asibiti. Mai gadi ya ce dangi kaɗai ke shiga.

"Ni ce uwarsa."

Ya dube ta sama da ƙasa. "Iya, mutumin ya haura sittin."

"Da wuri na fara, ɗan nan. Buɗe."

A wani farin tanti aka ajiye shi, mai tagar leda. Aka miƙa mata waya daga waje, shi kuma wani mai shigar fari tun daga kai har ƙafa ya kara masa tasa a kunne. Ya rame, yatsun nan da ke ɗaukar ƙusar agogo mai kamar ƙwayar yashi suna yashe a kan bargo. Wata jakar ruwa na rataye a kansa, tana ɗiga.

"Mene ne wancan suke ɗura maka?"

"Maganin gwaji. Sun ce ni ne na huɗu da aka taɓa sa wa. Na sa hannu da kaina."

"Ukun fa?"

"Biyu sun tashi."

Gwaggo ba ta tambayi na ukun ba. "Yaya ɗanɗanonsa?"

"Ta jijiya yake shiga, Gwaggo."

"To jijiya ba ta jin ɗaci?"

Ya so yin dariya, tari ya tare shi. Da ya lafa, ta rage murya ta gaya masa zancen allura da kwana goma da amincewar matar gida. "Yayanka ya share maka baki da hannunsa, ina kallo. Kuma jikoki biyar ke hawa cinyarsa. Ka sake ni, cikina zai fashe."

Ya kalli rufin tantin. "Ki bari in gaya mata da bakina. Gobe za su haɗa ni da ita a waya. Kada ta ji a bakin wani."

"A bakin Rediyo kake nufi."

"Ke kika faɗa."

Goben ta zo, Mai Agogo bai kai azahar ba. Ma'aikata ne suka binne shi, ba su bar kowa ya matso ba. Gwaggo ta ji kukan matar ta katanga, ta zauna ta ƙirga da yatsu: kwana takwas da Direba ya taɓa shi. Ta ƙirga ta baya, bai canza ba.

Ta fara zuwa wajen Direba. Ta same shi a ƙofar gida yana goge tsohuwar motarsa da ba ta tashi, idanunsa jajur.

"Lafiyata ƙalau," ya ce. "Ba zan sa matarsa ta tsani mamaci don a yi mini allura ba."

"Kai da ƙaninka dai, taurin kai kamar gindin turmi. In ka mutu kai kaɗai ne, da ban ɓata takalmina ba. Waccan jikar taka mai rarrafen fa?"

Ya ci gaba da goge gilashi ɗaya.

Da safe nas ta dawo duba zafin jikin matar, wadda aka hana fita. Gwaggo ta tsaya a inda aka ja layi da alli a bakin ƙofa. Ita da labari ke zuba daga bakinta kamar famfon da ya lalace, yau sai da ta lalubo ta inda za ta fara.

"'Yata, akwai mutum ɗaya da ban faɗa ba. Yayan mijinki."

Matar ta ɗago. "Wane yayan?"

"Ai ɗaya ne. Ta baya yake shigowa, duk Talata."

"Tun yaushe?"

"Shekara goma sha ɗaya. Mijinki ya so gaya miki, Allah bai nufa ba."

Matar ta zauna a ƙasa inda take tsaye. Agogunan mutane da ba a karɓa ba suna ta bugawa a bangon shago, kowane da nasa lokacin. Nas ta riƙe biro ba ta rubuta komai ba. Gwaggo ta shirya jin zagi, har ta tanadi amsa.

"Kwana uku na yi ina binsa da kwano," matar ta ce a hankali, "ko cokali ɗaya bai karɓa ba. Da na dawo daga kasuwa ranar na ga kwanon a wanke, na zaci zubarwa ya yi." Ta dubi Gwaggo. "Ya ci?"

"Ya cinye tas. Har ya nemi ƙari."

Matar ta ja gefen mayafi ta rufe fuska. Can ta ce, ba tare da ta buɗe ba, "Rubuta shi."

Kafin la'asar Direba ya zo, ta titi, idon kowa a kansa. Ya tsaya a bayan layin alli ya naɗe hannun riga. Nas ta soka, ta ɗora auduga, ta ce ya danna minti ɗaya kuma kada ya tafi sai ta ga yadda jikinsa ya karɓa. Ya tsaya cikin rana yana dannawa, kansa a sunkuye.

Daga cikin zaure aka ji ƙarar jan katako. Wata ƙafa ta turo kujerar aikin Mai Agogo, mai ɗaurin waya a ƙafa ɗaya, har ta haye layin allin, sannan ƙafar ta koma ciki. Direba ya dubi kujerar. Ya zauna a bakin-bakinta, yatsansa har yanzu a kan audugar.