Molo a Hannun Saleh

Shekara talatin da ɗaya Saleh ya yi yana auna auduga a wani kamfani a Garwa. Da ya yi ritaya, kowa ya ɗauka zai koma rumfar 'yan'uwansa a babbar kasuwa, ya zauna cikin atamfofi kamar yadda kakanninsa suka yi tun zuwansu daga Kano. Sai ga shi da molo a hammata, tsoho da furfurarsa, ɗan gidan fatake, yana bin Abdelkerim makaɗi har gida. 'Yan'uwa suka yi ta tsegumi, wani ma ya tambaye shi ko roƙo zai fara a gidajen biki.

Su ba su san halin da matarsa Kaltouma take ciki ba. Mace ce mai kunya, wadda a shekara arba'in na aure ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai "Malam". Yanzu ciwon mantuwa ya ci ƙarfinta, ko 'yarta Sadiƙa ba ta ganewa. Shi kuwa in ya shiga ɗaki sai ta ja mayafi ta rufe fuska, kamar baƙo ya faɗo mata. Likita ya gaya masa a fili cewa babu magani. Abu ɗaya ya rage mata, wani ɗan sauti da take rerawa da hanci, wanda mahaifinta yake kaɗawa da molo a Banyo tana yarinya. Saleh ya sa a ransa cewa in ya iya kaɗa shi za ta ɗago ta gane shi, ko da sau ɗaya ne.

Koyon ya ba shi wuya ƙwarai. Yatsun da suka saba da biro da sikeli sun sandare, ga sanyin ƙashi. Abdelkerim kuma ba ya koyarwa da baki. Kaɗawa yake yi, ka kalla, ka kwaikwaya, in ka kuskure ya ce maka "fahin" da Fillanci, wato sake. Saleh ya sha "fahin" har ya ƙoshi. Damina ta sauka, laimar kogin Binuwai ta sa fatar molon ta saki, kullum sai ya shanya shi a rana kafin ya yi amo. Shi yana rarrafe da tsirkiya uku, ita tana ƙara nisa, har rerawar ta fara raguwa. Wannan ne ya fi ba shi tsoro.

Wata Laraba bayan la'asar, a wata na takwas da fara koyon, ya ga ba zai iya jiran ƙwarewa ba. Ya shimfiɗa tabarma a bakin ƙofarta ya fara kaɗawa. Kiɗan na ɗingishi, amma shi ne. Ya zagaya sau biyu, a na uku mayafin ya zame. Kaltouma ta dube shi ido cikin ido, tana murmushin da ya shekara biyu bai gani ba.

"Baba," in ji ta, "Saleh ya ce zai zo daga Garwa bayan sallah. In ka gan shi ka ce masa ina jira."

Karo na farko ke nan da ya ji sunansa a bakinta, kuma ba da shi take magana ba. Hannunsa ya tsaya. Kiɗan na tsayawa murmushin ya ɗauke, ta fara laluben mayafinta. Da sauri ya mayar da yatsunsa kan tsirkiya, suna masa zogi.

"Zan gaya masa," ya ce, ya ci gaba da kaɗawa.