Kip Ba Ya Shiga Gaban Mota

Ranar da zan bar gonarmu ta Adaminaby, ruwan kwanon karenmu Kip ya daskare har sai da na sa diddigen takalmi na fasa shi. Tsakiyar Yuli ce, lokacin hunturu a ƙasarmu. An kwashe tumaki, an sayar da fili. Abin da ya rage mini daga zamana da mijina Alby shi ne akwatuna, da tsohuwar a-kori-kurarsa, da wannan karen kiwo da bakinsa ya yi furfura. Alby bara muka binne shi. 'Yata Kerryn ta gyara mini ɗaki a Tumut, ta ce in taho da karen tunda na ƙi rabuwa da shi.

Merv maƙwabcinmu ya zo taya ni ɗaure kaya. Ya daɗe yana kallon yadda Kip ke jan ƙafafun baya.

"Noreen, ta Kiandra fa za ki bi," in ji shi. "Tun jiya dusar ƙanƙara ke zuba a can. Wannan tsohon a bayan mota? Gawarsa za ki sauke."

"A gaba zai zauna."

Merv ya yi dariya har da tari. "Karen Alby ne a gaba? Haba. Bar mini shi kawai. Bayan rumfa, harsashi ɗaya, ko ji ba zai yi ba. Haka na yi wa nawa, haka Alby zai yi da yana nan."

"Kai ma ka tsufa, Merv, ba wanda ya kai ka bayan rumfa."

"Matata na kan shawara," ya ce.

Abin haushin shi ne gaskiya ya faɗa. A nan tsaunin karen aiki ba ya shiga gida, ba ya shiga gaban mota. Wurinsa baya, da gajeriyar sarƙa a wuya, iska na dukan fuskarsa. Alby ya cusa wa Kip wannan doka tun yana ɗan kwikwiyo, kuma Alby mutum ne da ba ya maimaita magana. Na buɗe ƙofa, na ajiye tsiren nama a kan kujera, na yi lallashi, na yi zagi. Da na cicciɓe shi sai ya sandare, jikinsa na rawa, zuciyarsa na bugun hannuna kamar za ta fito. Na sake shi. Ya lallaɓa ya hau baya da kyar, ya zauna gefen sarƙarsa yana jira a ɗaure shi.

Na shimfiɗa masa ciyawa tsakanin akwatuna, na rufa masa bargon ulu, na ja tamfol ya kare iska. Na cika filas da ruwan ɗumi, muka kama hanya.

Idona rabi a kan titi, rabi a madubi. Nakan tsaya in ba shi ruwa, in taɓa kunnuwansa. Da fari da ɗan ɗumi. Muna ƙara hawa, itatuwa suka ƙare, kunnuwan suka koma kamar ƙarfe. A Kiandra babu kowa, babu gida mai hayaƙi, sai fili fari fat da sandunan gefen titi. Na duba madubi ban ga kansa ba.

Na tsaya. Ya ture bargon, ƙanƙara ta taru a gashin bayansa, rawar jikin ma ta fara raguwa, kuma na san wannan ba alamar alheri ba ce. Na kwance sarƙar, na buɗe ƙofar fasinja, hita na hura zafi.

"Kip, don Allah. Alby ya mutu. Ba wanda zai yi maka faɗa."

Ya kalli ƙofar, ya kau da kai.

A nan ƙarfina ya ƙare. Na ji haushin Alby irin wanda ban ji ba ko yana raye, shi ya tafi ya bar dokarsa za ta kashe mini abin da ya rage. Na taka na bar motar, na shiga cikin farin filin nan ba tare da na san inda na nufa ba, na zauna a kan dusar ina kuka. Tun jana'iza ban yi kuka ba, don babu wanda zan yi wa.

Sai na ji haushin kare a bayana, gajere, irin na aiki. Kip ne. Ya sauko, ya zagayo ta nesa, ya sunkuyar da kai ya kafa mini ido, yadda yake yi wa tunkiyar da ta ɓalle daga garke. Da na ƙi motsi ya matso ya cafki bakin wandona. Na tashi. Ya koro ni, yana ɗingishi hagu da dama, har bakin ƙofar da na bari a buɗe. Na shiga. Ya juya zai koma baya.

Na sake fita na nufi fili.

Ya sake koro ni, wannan karon da zafin rai. Na shiga, ya juya, na fita. Ƙafafuna sun mutu don sanyi, shi kuma numfashi yake da kyar, amma ni ma matar Alby ce, taurin kai ba a wurinsa kaɗai ya tsaya ba. A ƙarshe na shiga ta ƙofar fasinja na matsa can wajen sitiyari. Kip ya tsaya yana duban wannan kafa da nake ta ɓallewa ta cikinta. Ya ɗora ƙafar gaba a kan kujera, ya ja jikinsa ya hau, ya kwanta ya tare ƙofar kamar yadda yake tare bakin garke. Na miƙa hannu a hankali na ja ta.

Har muka gangara Tumut bai runtsa ba. Ƙanƙarar bayansa ta narke ta jiƙa kujerar da na zauna a kai duk tsawon aurena, idonsa kuwa bai bar kaina ba.

Kerryn ta fito da gudu, ta leƙa ta gilashi ta riƙe baki.

"Mama! Kip a gaba? Yaya kika yi ya karya dokar Baba?"

"Bai karya ba," na ce. "Aiki yake. Ni kaɗai ce tunkiyar da ta rage masa."