Dangin Aidin

A Cape Town ta zamanin wariyar launin fata, gwamnati ta fi uwa sanin ɗan da ta haifa. Ita ke cewa wane Bature ne, wane baƙi, wane ruwa-biyu, kuma da wannan kalmar ake yanke wa mutum unguwar da zai kwana da wadda zai aura. Malam Gert Adonis ruwa-biyu ne, yana koyar da kimiyyar sinadarai a makarantar 'ya'yan ruwa-biyu.

An tashi yara, yana jera kwalabe uku na darasin gobe a ƙarƙashin jadawalin sinadarai da ke manne a bango, sai ga ƙanwarsa Katrien a bakin ƙofa. Ita hasken kakansu ta ɗauko, kuma rabonsa da ita tun da ta auri wani Bature direban jirgin ƙasa, ta saje da mutanen unguwarsa.

"Lale da uwar ɗakina! Ɓatan hanya aka yi?"

"Yaya, don Allah bar zolayar nan. Maƙwabciyata ce ta kai ƙarata, gobe za a zauna a kaina. In suka ce ni ruwa-biyu ce, aurena ya mutu, a kori yarana daga makaranta."

"To, ni miye nawa a ciki?"

"Ka zo ka rantse ba cikinmu ɗaya ba. Ka ce wata Baturiya da Inna ke wa wanki ce ta haife ni, ta bar mata riƙo."

Ransa ya ɓaci. Da yake malami ba ya iya faɗa sai da darasi, ya jawo kwalaben gabanta.

"Dubi nan. Wannan iska ce, kore-kore, kulorin ke nan. Wannan ruwa ne jawur, buromin. Wannan kuma aidin, baƙi kamar gawayi. Me ya haɗa su a ido? Amma ga su can a layi ɗaya daga sama zuwa ƙasa, gida ɗaya, don halinsu ɗaya ne: kowanne in ya gamu da ƙarfe, gishiri suke haifarwa. Wanda ya tsara jadawalin nan bai dubi launi ba, hali ya duba. Ke kuwa hatta dariyarki ta Inna ce!"

"Kwalabenka ba su da 'ya'ya, Yaya."

Gert ya mayar da kwalaben mazauninsu.

Washegari ya je. Turawa uku na zaune bayan tebur, duk sun ci kwat. Aka soka wa Katrien fensir a gashi, aka ce ta girgiza kai, ya faɗo, wai alamar gashin Turawa ke nan. Aka duba farcenta, aka duba dasashinta, yadda ake wa rago a kasuwa. Su a ganinsu kimiyya suke yi, kuma wannan ne ya fi ƙona wa Gert rai.

Aka kira shi, aka ɗora masa hannu a kan Littafi Mai Tsarki.

"An ce kai malamin kimiyya ne," in ji na tsakiyar. "To, ka san kowane abu da jinsinsa."

"Na sani, ranka ya daɗe."

"Matar nan 'yar'uwarka ce?"

Gert ne ya goya ta zuwa asibiti lokacin da ta yi ƙyanda. Ya dubi bango.

"A'a."

"Ɗaga murya!"

"Ba 'yar'uwata ba ce. Wanki uwata ke wa uwarta."

Aka buga hatimi, Katrien ta zama Baturiya. A bakin ƙofa ta zo wucewa riƙe da hannun mijinta, magatakarda na kallo.

"An gode, Gert," ta ce, ko tsayawa ba ta yi ba. Tun da ta koyi magana ba ta taɓa kiran sunansa gatsal ba sai yau.

Da ya koma gida, ya tarar da Inna tana soya kifi. Ita abin da ta sani kawai an kai ƙarar 'yarta.

"An bar mata mijinta?"

"An bar mata."

"Mun gode wa Allah! Yarinyar nan, duk cikinku ita ta fi ba ni wuya wajen haihuwa. Yaushe ta ce za ta leƙo?"

"Ba za ta leƙo ba, Inna. Yau na rantse ba ke kika haife ta ba."

Inna ba ta juyo ba. Ta yi ta juya kifin nan har ya ƙone.