Balangun da Ya Tsaya wa Sada a Wuya

Duk Yashe an san Sada da son nama. An kuma san shi da kunyar surukinsa, Baba Dabo na Kankiya, tsohon soja da ya yi yaƙin duniya a ƙasar Bama cikin masu ɗaukar waɗanda aka harba. A ƙasar nan dama mutum ba ya cin abinci gaban uban matarsa, ko ruwa zai sha sai ya kauce. To, Sada nasa ya fi na kowa. Tun daga nesa yake tuɓe takalmi ya tsuguna, har sai tsohon ya wuce.

Wata ranar kasuwar Kankiya, a kakar gyaɗa, Sada ya kai tasa sikelin kamfanin Turawa, aka auna, ya ɗaure jakinsa a inuwa, ya nufi rumfar abokinsa Gajere mahauci.

"Mutumin Yashe!" in ji Gajere. "Hancinka ya riga ka isowa. Zauna, ga ƙirjin rago nan har da guringuntsi."

Sada ya zauna kan benci, ya ba hanya baya. Ya zaɓi wata tsoka mai kitse, wadda mai hankali zai raba biyu, ya dangwala yaji ya jefa ta baki ɗungurungum. Ko tauna biyu bai yi ba ya ji sallama a bayansa.

"Gajere, yanko mani na yara."

Muryar Baba Dabo ce. Sada ya rasa ta yi. Ya tofar, abin kunya. Ya ci gaba da tauna, ya fi muni. Sai ya runtse ido ya haɗiye, ya zame daga benci ya tsuguna.

"A'a, Sada ne?" in ji tsohon. "Yaya mutan gida? Ina ɗiyar tawa?"

Sada ya buɗe baki zai gaishe shi, ko sauti bai fita ba. Ya ja numfashi, ya ji kamar an toshe gora da tsumma.

"Baba, ka ga kunyar tasa yau har ta ci magana," Gajere ya ce yana dariya.

Dariyar ba ta yi nisa ba. Idanun Sada sun firfito, hannunsa ya kama wuya, leɓensa ya fara yin duhu. Gajere ya yar da wuƙa ya ɗauko buta.

"A ba shi ruwa!"

Baba Dabo ya ture butar. "Ruwan ta ina zai bi? Kai Sada, kana iya tari? Yi tari!"

Sada ya girgiza kai. Wani mai tallar goro ya matso zai zura mashi yatsa, tsohon ya daka mashi tsawa cewa zai ƙara tura abin ciki. Ya ɗago Sada, ya tare ƙirjinsa da hannu ɗaya, ya duƙar da shi har kansa ya yi ƙasa. Ko a wannan hali Sada na ƙoƙarin zamewa, wai kada surukinsa ya taɓa shi.

"Tsaya nan, ɗan nema!"

Ya dunƙule ƙarfinsa a gindin tafin hannu ya ɗirka mashi tsakanin kafaɗu. Ya leƙa bakin, ba komai. Ya sake ɗirkawa, ya sake. Can sai ga tsoka ta yi tsalle ta faɗa cikin yajin Gajere. Sada ya ja wata iska mai ƙara kamar ta jakin da ya ga gida, hawaye na zuba, 'yan kasuwa na ta salati da dariya.

"Sannu," in ji Baba Dabo. "Amma ka ji ni da kyau, fitar nama ba ita ce ƙarshen magana ba. Wani lokaci ɓarɓashi kan sauka huhu ya laɓe. In tarin nan ya ƙi tsayawa, ko ka ji ƙirjinka na busa, ko haɗiya ta yi maka wuya, kada ka zauna. In zazzaɓi ya biyo baya kuwa, ko jini a yawu, to gudu za ka yi zuwa asibiti. Ka ji?"

"Lafiya lau nike, Baba," Sada ya ce wa ƙasa. Ya kwance jakinsa ya bar garin, ko sauran balangun bai waiwaya ba.

Tari kuwa ya bi shi har gida ya zauna. Kafin wata kasuwar ta zagayo, in ya ja numfashi sai a ji wani siririn sauti. Matarsa Hadijatu tana tankaɗe a tsakar gida ta ɗaga kai.

"Malam, sarewa ka saya a Kankiya?"

"Mura ce."

"Murar da ke sa mutum rawar sanyi da rana tsaka? Labari fa ya zo mani, har abin da Baba ya ce. Bari in aika mashi."

"Ki rufa mani asiri. Da wane ido zan kalle shi?"

"Da wanda ka kalle shi yana dukanka gaban kasuwa. Me kuma ya rage?"

Sada ya miƙe a fusace, wai zai nuna mata lafiyarsa ƙalau. Ya kama buhun dawa zai kai rumbu. Bai kai ko bakin rumbun ba ya zauna daɓas yana neman iska, irin neman da ya yi a rumfar Gajere. Da numfashi ya dawo mashi, sai ya ce a hankali, "Miƙo mani hulata."

Ya tsayar da wata motar gyaɗa da ta juye kaya a Kano tana komawa. A Kankiya ya iske tsohon a ƙofar gida yana saƙar igiya. Ya tsuguna, ya ɗaga kai, ya faɗa da bakinsa.

"Baba, abin da ka ce ya faru. Ƙirjina na busa."

Baba Dabo bai yi dariya ba. Ya kara kunne a bayansa ya saurara, ya kai shi ɗakin shan magani. Malamin asibitin ya ce iska ba ta shiga huhun dama sosai, sai Kano. A can likitoci suka sa shi barci, suka zura wani ƙarfe ta maƙogwaro, suka zaro guntun guringuntsi da bai kai ƙwayar gyaɗa ba.

Ranar da ya dawo, Gajere ya tare shi tun daga bakin kasuwa.

"Zo ka ga aikin da na yi dominka."

Ya juya bencin masu cin nama, yanzu yana fuskantar hanya.

"Mai suruki ya zauna nan," in ji shi, "ya hango nasa tun daga nesa."