Huji Huɗu a Cikin Mairama

Mato ya ɗaga mayafin matarsa Mairama, ya ga huji huɗu ƙanana a cikinta da wata tsaga da ba ta kai tsawon yatsa ba. Nan take idonsa ya rufe.

Tun daga garin Dinder ya kawo ta asibiti a birnin Madani don a cire mata kansar hanji, sai ga shi an ce aikin munzar aka yi. Shi kuwa a saninsa munzar leƙen ciki ne kawai da na'ura, irin wanda aka yi mata bara.

Ya tare likita. "Ya daktora, leƙe na kawo ta ku yi? Tashi, Mairama, Hartum za mu, a buɗe ki da gaske!"

Likitar ta ce, "Ya haj, ta hujin nan muka yanke wurin ciwon, ta tsagar muka fitar da shi."

"Ƙarya! Ko akuya ba a feɗe ta ta huji!"

Ya fizgo jakar kayanta. Mairama ta dafe ciki, ta daka masa tsawa.

"Ni ce akuyar, Malam? Hanjin a kwalba aka nuna mini, da idona na gani. In tsaga kake so, kwanta a tsaga naka. Ni ba inda za ni!"

Mato ya tsaya yana huci. Can ya dangwarar da jakar ƙarƙashin gado.